Mawus ɗin Malam Habibu da Man Gyaɗar Inna

Ranar wata Talata ce a watan Oktoba na shekarar 2008, ana tsakiyar cirar gyaɗa, aka kaɗa ƙararrawar fita tara a makarantarmu amma ba wanda ya nufi wajen masu awara da ɗanwake. Duk mun yi dafifi a tagar ofishin Hedimasta, manya a gaba, ƙanana suna ɗage a baya. Ni kuwa da yake ni ce mai sharar ofishin, sai na samu gurbi a bakin ƙofa, riƙe da tsintsiya kamar aiki ne ya kawo ni. Janaretan da aka aro daga wajen mai cajin waya yana ta ɓaɓatu a gindin darbejiya, an ratso da wayarsa ta taga. Malam Habibu, malaminmu na lissafi da kimiyya, ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Kwamfutar ta yi gurnani, farin rubutu ya dinga gudu a kan baƙin gilashi, can sai ga fuska mai launin ƙasa-ƙasa ta bayyana, da wata 'yar kibiya a tsakiyarta. Muka sa ihu. Malam ya ɗora hannu a kan mawus, wato ɗan abin nan mai igiya da ake turawa a kan tebur don kibiyar ta bi shi. Ya tura dama, ya tura hagu, ya ɗaga ya leƙa ƙasansa ya mayar. Kibiya tana nan inda take. Ihunmu ya dinga mutuwa a hankali, har muka koma ba abin da ake ji sai janareta.

Ƙauyenmu yana yankin Gwangwan ta ƙasar Rogo, kuma a lokacin ko turken wutar lantarki babu a garin. Kwamfutar wani ɗan garinmu ne da ke aikin ofis a Kaduna ya aiko da ita, tsohuwa ce da aka daina amfani da ita a wurin aikinsu. A bayan ɗan acaɓa ta iso cikin kwali biyu, yara muna biye da gudu har makaranta. Da aka kunna ta sai aka tarar a kulle take, tana neman kalmar sirri, wanda ya san kalmar kuma an ce ya bar aikin tun tuni. Abu ɗaya take yi: in ka tura mawus, kibiya ta zagaya fuskar. To, da wannan muka rayu zango biyu cur. Uwargidan Hedimasta ta yi mata mayafi na saƙa mai furanni, in an yi babban baƙo a aro janareta, a yaye mayafin, a tura kibiya sama da ƙasa, baƙo ya ce masha Allah, a mayar a rufe. Mu 'yan aji biyar har gori muke yi wa yaran makarantar garin Jajaye in mun haɗu a kasuwa, wai mu muna da kwamfuta, ba wanda ya taɓa tambayarmu me take yi.

Malam Habibu ne ya fara tambaya. A farkon zangon nan aka turo mana shi, mutumin Yola ta ƙasar Karaye, dogo siriri, mai tafiya a hankali kamar yana bin bayan shanu. Ran Litinin da sassafe yake isowa a kan kekensa, ya kwana a ɗakin da aka ba shi kusa da masallaci har Juma'a. Da yaran rugage yana yin Fillanci, da mu Hausa, Turanci kuma sai a kan allo. Ban taɓa ganin bulala a hannunsa ba, amma in ya kalle ka ya yi shiru, sai ka gwammace dukan. Shi ne ya zo da wani faifai da abokinsa mai shagon buga takardu a Karaye ya ba shi, ya ce a ciki akwai wata manhaja da ake kira Linux, wadda za a iya goge tsohuwar da ta kulle a ɗora ta a madadinta. Ya yi mana bayani a aji cewa mutane ne daga ƙasashe daban-daban suka taru suka rubuta ta irin na aikin gayya, kowa ya kawo abin da ya iya, kyauta ake bayarwa, kuma duk mai so yana da damar buɗe cikinta ya gyara. Mun gane wannan sarai, don a satin ma an yi gayyar cirar gyaɗa a gonar Liman. Hedimasta ya yi ta jan ƙafa, ya ce abin da aka goge ba ya dawowa. Malam ya ce a bar shi a wuyansa. Aka goge, aka ɗora, sai ga abin da ya faru ranar Talatar nan.

Kafin la'asar labari ya gama gari, wai sabon malami ya kashe kwamfuta. Hujjar masu maganar ba ta da wuyar ganewa: da kibiya tana tafiya, yanzu ba ta tafiya. Ba wanda ya damu da cewa yanzu kwamfutar a buɗe take, cike da abubuwan koyo. Hedimasta mutum ne mai kirki amma mai tsoron bakin jama'a, ga shi saura mako uku a yi taron iyaye, kuma wanda ya aiko da kwamfutar zai zo gida ya halarta. Ina sharar bayan ƙofa na ji ya ce da Malam in har ranar taron ta zo kibiya ba ta motsa ba, zai haɗa komai a kwali a kai Rogo, akwai wata sakandare da ta daɗe tana roƙo, su suna da masu iyawa. Wato kwamfuta ta tafi, Malam Habibu kuma ya zauna da sunan wanda ya lalata kayan gari. Malam ya ce, "Ba komai, ranka ya daɗe, Allah Ya kai mu." Ni kuwa na koma aji raina a ɓace, kamar ni aka faɗa wa.

Sai na ɗan faɗi ko wace ce ni a lokacin, don a san inda ɓarnar ta fito. Sunana Rakiya, amma a gidanmu ba a cika kirana ba sai an haɗa da karambani. Ni ce na taɓa kwance rediyon Baba don in ga masu magana, ni ce na yi wa akuyar maƙwabta lalle. Innata sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli. Da kaka gidanmu ba ya rabo da ƙamshin suya: a ɓare gyaɗa, a soya a kasko da yashi, a murje, a fece, a kai niƙa, a dawo da tunkuza a zuba a turmi ana juyawa da taɓarya ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso ya kwanta a sama. Aikina shi ne kwasar man da ludayi ina ɗurawa a kwalabe, da kuma murza ƙuliƙuli in yi masa zobe. A rataye a jikin rumbu akwai wata 'yar kwalbar man gyaɗa da gashin kaza a ciki, ita ce asibitin gidanmu. Ƙyauren ɗaki ya yi ƙara, gashin kaza. Sarƙar keken Baba ta bushe, gashin kaza. Almakashi, kwaɗo, injin taliya, keken ɗinkin Goggo, duk da ita ake lallashinsu. Inna takan ce, "Duk abin da yake juyawa, in ya ƙi, ƙishirwa yake ji." Ban taɓa ganin maganar ta faɗi ƙasa ba.

Malam Habibu kuwa hanyarsa daban ce, kuma ita ce ta sa har yau nake ganin girmansa. Tun ranar farko ya murɗe wani ɗan zobe a ƙasan mawus ɗin, wani ƙwallo mai nauyi mai fatar roba ya faɗo a tafinsa, ya duba, ya hura, ya mayar. Ya ce mawus lafiyarsa ƙalau, tun da da idonsa ya ga yana aiki kafin a goge. Matsalar ita ce tsoho ne, sabuwar manhajar ba ta gane shi da kanta ba, sai an gaya mata ta wace kafa aka soka shi a bayan kwamfutar, da kuma irin yaren da yake yi, don su ma mawus-mawus ɗin kowane da nasa. Kafofin biyu ne, yarukan da yawa. Sai ya buɗe wani baƙin shafi, ya yi rubutu da yatsu biyu, ya kashe kwamfutar, ya kunna, mu jira ta gama miƙarta ta tsofaffi, ya tura mawus. Kowane gwaji yana cin wajen kwata na awa, janareta kuma ranar Talata da Alhamis kaɗai ake ba mu shi, na ɗan lokaci, kafin masu caji su taru. Yana da wani littafi mai bangon shuɗi da ya ja wa layuka da rula: lambar gwaji, abin da ya canza, abin da ya gani. Da yamma mukan hango shi a kan tudun bayan filin idi, inda kawai ake samun sabis, ya manna waya a kunne yana rubuta abin da abokinsa na Karaye yake karanto masa. Abin da ya fi yawan faɗa mana shi ne, "Abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a rubuta. In ka canza biyu, ba za ka san wanda ya yi aikin ba." Ko sau ɗaya ban ga ya buga tebur ko ya yi tsaki ba. In gwaji ya ƙi, sai ya ja layi a kansa a natse, ya ce mun rage ɗaya.

Mako guda ya wuce, gwaji shida, kibiya ko gezau. Ni fa abin ya tsaya mini a rai. Ina ganin yadda mutane suke amsa gaisuwar Malam a daƙile, ina kuma ganin maganin a rataye a jikin rumbunmu. Lissafina mai sauƙi ne: a cikin mawus akwai ƙwallo, ƙwallo juyawa yake yi, abin da yake juyawa kuma in ya ƙi, an san abin da yake so. Har tausayin Malam nake ji, wai duk iliminsa bai san wannan ba, na ce wataƙila su a Yola man shanu suka sani. Ranar Litinin da safe na sako 'yar kwalbar a cikin jakar buhuna. Hedimasta ya buɗe mini ofis ya tafi wajen taron safe, na share rabin ɗaki, na yaye mayafin, na murɗe zoben kamar yadda na ga an yi. A ciki akwai wasu 'yan sanduna biyu ƙanana da ƙwallon yake gogawa. Na tsoma gashin kaza na shafe su tas, na shafe ƙwallon har yana ƙyalli, na ƙara ɗigo biyu don albarka. Na mayar, na goge bayan da gefen hijabina. Ko ƙamshin bai tona ni ba, don a watan nan garin gaba ɗaya gyaɗa yake ƙamshi, har littattafanmu.

Washegari Talata Malam ya yi gwaji na bakwai. Kwamfuta ta tashi, ya tura mawus, sai kibiya ta yi wata 'yar rawa, ta matsa kamar faɗin ƙwayar gero, ta tsaya. Ya danna madannin mawus ɗin, sai ga wani ɗan akwatin rubutu ya buɗe. 'Yan taga suka sa kabbara. Ni kuwa a bakin ƙofa kaina ya kumbura, saura kaɗan in ce ni ce. Abin da ya hana ni kawai, so nake sai ta tafi sosai tukuna. Malam ya tura, ya sake turawa, kibiya sai rawa take yi a wuri ɗaya. Ya rubuta a littafinsa, ya ce an kusa, amma wannan ba yarenta ba ne, don abokinsa ya gaya masa in aka ba ta yaren da ba daidai ba takan yi irin wannan tsalle-tsallen. Ya ja layi a kan na bakwai ya wuce na takwas. Daga na takwas kibiya ta koma ta sandare, har 'yar rawar ma ta daina. Na tafi gida ina tunanin ko man ne bai isa ba.

A darasin kimiyya na ranar Laraba ta mako na uku na gane abin da na yi. Malam yana koya mana dalilin da ya sa abubuwa suke kama juna. Ya tambaye mu me ke faruwa in motar ɗaukar hatsi ta faɗa taɓo da damina a hanyar Rogo. Muka ce taya sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya, mota ba ta tafiya. Ya ce to saboda santsi ne, taya ba ta samu abin kamawa ba. Sai ya kawo misali da mawus: ƙwallon ciki dole ya kama tebur, ya kuma kama 'yan sandunan nan biyu ya juya su, da su ne kwamfuta take sanin inda hannunka ya nufa. Shi ya sa aka yi masa fatar roba, shi ya sa kuma ba a son maiƙo ya kusance shi ko kaɗan. Ban san lokacin da alƙalamina ya suɓuce ba. Rawar nan da kibiya ta yi a gwaji na bakwai, wadda nake ta alfahari da ita a zuci, ashe Malam ne ya dace da yaren, ni kuma na zuba wa hanyar taɓo.

Da aka tashi na lallaɓa ofis da sunan na manta tsintsiya, na buɗe mawus na goge ƙwallon da hijabi. Maiƙon bai fita ba, sai ma ƙura da ya kwaso ta zama baƙin danƙo a jikin sandunan. Ina tsaye a wurin wani tunanin ya zo mini wanda ya fi na farko ɗaci. Ko da na wanke shi fes a ɓoye, ba abin da zai gyaru. Malam ya riga ya ja layi a kan na bakwai, kuma shi ba ya komawa kan abin da ya ja wa layi, tun da a saninsa ba abin da ya canza a mawus ɗin. Duk tsarinsa ya dogara ne a kan ya san komai da aka taɓa, ni kuma na taɓa abu ban gaya masa ba. Ba yadda za a yi ya koma baya sai in na buɗe baki. Gobe Alhamis ce ranar janareta ta ƙarshe, jibi Juma'a, gata taro.

Yammacin nan a gona muka yi shi, ana tsinkar gyaɗa a gindin ɗorawa. Ƙawayena suna ta wasan carafke da tsakuwa in an ɗan huta, suna kirana, na ce kaina ke ciwo. Ina tsinka ina zuba ɓawo a cikin kwandon masu kyau, har Inna ta ƙwace kwandon. A hanyar dawowa, ina ɗauke da damin harawa, ta rage tafiya har sauran suka yi gaba, ta ce kwanakin baya ta nemi kwalbar gashin kaza wuni guda ba ta gani ba. Sai na fashe da kuka na zayyana mata komai. Na zaci duka zan sha. Ta yi tafiya mai ɗan nisa, sannan ta ce, "Wanda kika ɓata wa aiki shi za ki gaya wa, ba ni ba." Da safe na tarar ta ƙulla mini toka mai laushi a leda, da guntun sabulu, da wani tsohon ƙyalle fari wankakke, ta ajiye a kan jakata. Macen da ta shekara ashirin tana wanke turmin mai ta san abin da ke fitar da maiƙo.

Ranar Alhamis 'yan taga ba su kai rabin na da ba, an gaji. Kwalayen da kwamfutar ta zo a ciki an riga an sauko da su daga saman kabad. Na ji Malam yana ce wa Hedimasta in yau ba ta yi ba, shi da bakinsa zai gaya wa iyaye cewa laifinsa ne, kada a ɗora wa makaranta. Hedimasta ya dafa kafaɗarsa ya fita zuwa aji shida. Malam ya buɗe littafi ya rubuta lamba goma sha huɗu. Sai na ji ƙafafuna sun kai ni gaban tebur, na durƙusa, na ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, ni na sa wa mawus man gyaɗa." Ya ajiye biro ya kalle ni, irin kallon nan nasa. Na sunkuyar da kai ina ƙirga ƙusoshin ƙafar tebur. Da ya yi magana, bai tambaye ni dalili ba. Cewa ya yi, "Wace rana?" Na ce Litinin ta makon jiya, da safe. Ya mayar da shafi baya, ya bi layukan da yatsa, ya tsaya tsakanin na shida da na bakwai. Sai na ga gefen bakinsa yana motsi. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe na bakwai ne." Ya ɗauki biro ya matse rubutu a ɗan filin da ke tsakanin layukan biyu, yana karanta mini ƙasa-ƙasa: shida da rabi, man gyaɗa, gwajin Rakiya, bai yi ba.

Na fito da ƙullin Inna. Ya duba tokar da sabulun, ya ce ai na fi shi sanin wannan fannin, in yi. Na ɗebo ruwa a randar ofis, na cuɗa ƙwallon da toka, na wanke da sabulu, na ɗauraye, na sake, har sai da ya fara kama yatsa yana ƙara in an murza. Na ɗora shi a kan farin ƙyallen a bakin taga inda rana take. Shi kuma Malam ya naɗa zaren ƙyalle a kan tsinken ashana yana kankare danƙon da ke jikin sandunan, a hankali, kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Mai janareta ya aiko a ce lokaci ya yi, Malam ya leƙa ta taga ya roƙi arzikin minti ashirin. Ya mayar da ƙwallon cikin mawus, ya buɗe baƙin shafin, ya kwafe abin da ya rubuta a gwaji na bakwai, ya kashe, ya kunna. Ban taɓa jin kwamfutar nan ta daɗe tana tashi irin na ranar ba. Da fuskar ta bayyana, sai ya ja kujerarsa baya ya ce in ɗora hannu. Na ce a'a, Malam. Ya ce in ɗora. Mawus ɗin ya cika mini tafi, da ɗumin rana a jikinsa. Na tura shi gaba kaɗan, kibiya ta tashi sama. Na ja dama, ta biyo ni. Na zagaya da ita sau uku kamar mai dama fura, tana biye. Yaran taga suka ɓarke da ihu suka bazama cikin makaranta, ni kuwa hawaye ya hana ni ganin kibiyar da nake turawa.

Ranar Asabar aka fito da tebur gindin darbejiya, iyaye suka zauna a kan tabarmi da bencina, mata daga can gefe, Inna a cikinsu. Malam ya buɗe taswirar duniya a kwamfutar, ya nuna musu Makka, ya nuna Kano, ya rubuta sunan Mai Unguwa da manyan baƙaƙe, tsoho ya taso ya matso da fuskarsa yana dariya. Mutumin Kaduna ya ce shi kansa bai taɓa ganin tsohuwar nan tana aiki haka ba, sannan ya tambaya me ya hana kibiyar tafiya tun farko. Malam ya ce, "Matsala biyu ce. Ɗaya ni na gano ta, ɗaya kuma wannan yarinyar, Rakiya, ita ta gano ta, ita ta gyara." Bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, bai kuma ƙara ko kalma ba. Aka yi ta sa mini albarka, ni kuwa ina sunkuye, kunya kamar ta kashe ni, don mu uku ne a wurin muka san sauran labarin. Bayan an watse ya kira ni gefe, fuskarsa ba wasa. Ya ce gwaji ba laifi ba ne, ɓoyewar ce ta ci mana mako biyu. Nan gaba in wata dabara ta zo mini, in zo in faɗa, a rubuta, sannan a gwada. Kwalayen nan kuwa 'yan aji ɗaya aka ba su, suka yi ta zama a kai har suka yage.

Kwamfutar ta yi shekaru a makarantarmu. A kanta na fara rubuta sunana, a kanta muka yi ta zana gidaje da shanu masu ƙafa biyar, bi da bi, kowa minti uku. Duk ranar Alhamis ni ce mai buɗe mawus in goge ƙwallo, kuma ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi na samu wannan sarautar. Malam Habibu ya shekara biyu tare da mu aka mayar da shi ƙasarsu.

Yanzu ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a Kano. Mawus ɗin da ke kan teburina ba ƙwallo a cikinsa, ba ma igiya, wata 'yar jar fitila ce kawai a ƙasansa, kuma ranar da aka kawo shi ko minti ɗaya bai ɗauka ba ya fara aiki. 'Ya'yana da yatsa suke shafa gilashi, in ya yi jinkirin daƙiƙa biyu sai su fara ƙorafi. A ƙauyenmu ma yanzu farantan sola sun hau rufin shaguna, kowane saurayi da waya a aljihu, ba na jin akwai abin da zai sake tara yara a taga su yi mako uku suna jira. Ban ce a koma baya ba, amma ina kewar jiran nan, da yadda muka yi shi tare. Bara waccan aka aiko mini cewa Allah Ya yi wa Malam rasuwa. Na je Yola ta'aziyya, na zauna a cikin mata, aka tambaye ni ko ni wace ce, na ce ɗalibarsa ce. Allah Ya jiƙansa da rahama. Na girma, na yi kurakurai da suka fi wancan nauyi, na amsa laifina a gaban mutane iri-iri. Har yau ban sake samun wanda na kai wa laifina ya ce alhamdu lillahi ba.